Gayyar 'Yan Makaranta: Wa Ke Zaɓar Aikin?



Yau da wani littafin rubutu zan fara, mai shuɗin bango, irin wanda ake sayarwa a bakin ƙofar kowace makaranta. Ɗiyar ƙanwata ce ta ajiye mini shi a kan tabarma wata rana bayan la'asar, ta ce, "Kawu, don Allah duba mana lissafin nan, ya ƙi fita." Na ɗauka aikin gida aka ba su. Da na buɗe sai na ga sunayen layukan wata unguwa, kowane layi da yawan gidajensa, kowane gida da yawan jarkar ruwan da yake saye a rana a wurin 'yan ga-ruwa. A shafi na gaba an rubuta kuɗin roba, kuɗin bututu, ladan mai gyara, kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa. Ita da 'yan ajinsu ne, su goma sha biyu, 'yan aji biyar na wata sakandaren jeka-ka-dawo da ake haɗa maza da mata, suka ƙudura za su tayar da famfon tuƙa-tuƙa na unguwar da makarantarsu take, wanda ya fi shekara bai ɗiga ruwa ba. Babu wanda ya aike su. Malaminsu na darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ya ce musu ne kawai, kafin zangon karatu ya ƙare su nemo wani abu da zai amfani maƙwabtan makaranta, su tsara shi da kansu, su aiwatar. Ya ce shi nasa ido ne da sa hannu.

Wannan magana ta malamin ita ta hana ni barci ranar da na fara jin ta. Na yi shekaru ina jin ana cewa a koya wa yara hidimta wa al'umma, amma da wuya ka ji an ce a bar su su zaɓi hidimar.

Mu tuna yadda akasarinmu muka taso. A makarantun da muka yi, aikin hannu horo ne. Ka makara, a ba ka tsintsiya. Ka yi surutu a aji, a miƙa maka lauje a nuna maka ciyawar bayan ɗakin kwana. Wanda laifinsa ya yi girma shi ke wanke masai. Ranar leba kuwa kowa neman wurin ɓuya yake, domin firifet na tsaye da bulala. Yaron da ya shafe shekara shida yana ganin tsintsiya a hannun mai laifi kaɗai, ta yaya zai girma ya ɗauke ta da kansa ya share ƙofar maƙwabcinsa yana alfahari? Mu muka haɗa aiki da wulaƙanci a kan yaran nan, sannan muka dawo muna kukan cewa samarin yanzu ba su da kishin unguwa.

Alhali ba haka kakanninmu suka bar mana ba. Bahaushe yana da gayya tun kafin zuwan makarantar boko. In gonar dattijo ta fi ƙarfinsa, ko za a yi yaɓen masallaci kafin damina, ko a yashe rijiyar gari, ko a gyara hanyar da ruwa ya cinye, samari ke fita da kiɗa da kirari, 'yan mata na kawo ruwa da fura. Abin da muke yawan mantawa shi ne, samarin nan suna da shugabancinsu. Akwai sarkin samari. Su ke zama su tsayar da rana, su raba kuyya, su san wa zai kawo garma wa zai kawo makaɗi, su kuma ci tarar wanda ya noƙe. Dattawa suna sa albarka, suna tsawatarwa in an kauce, amma tsarin na samari ne. Yaro ɗan shekara goma sha shida a wancan zamani ya san yadda ake tara mutum talatin a kan aiki ɗaya. Takwaransa na yau, wanda ya fi shi karatu nesa ba kusa ba, sau da yawa ko taron mutum biyar ba a taɓa bari ya jagoranta ba.

'Yan'uwanmu na Nijar sun ga yadda wannan gado ke bunƙasa, sun kuma ga yadda yake dusashewa. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da Samariya, ta mai da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya. An gina azuzuwa, an share garuruwa, an dasa itatuwa da ƙarfin samari. Amma da yake umarni daga sama yake saukowa, da mulkin ya shuɗe sai ƙarfin tafiyar ya bi shi. Mu ma a Najeriya muna da namu darasin. Tun tsakiyar shekarun 1980, zamanin Buhari da Idiagbon, aka ɗora mu a kan tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, har yau kuma jihohi irin su Kano suna hana zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata. Kowa ya san abin da yawancin mutane suke yi da waɗannan sa'o'i: a ja bargo a ƙara barci har a buɗe hanya. Aikin da aka ɗora wa mutum da doka yana yin sa ne gwargwadon idon da ke kansa.

Akwai kuma hidimar ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. A cikinta an ware wa masu bautar ƙasa rana guda a kowane mako don aikin raya al'umma, kuma wasunsu sun bar abin kirki a garuruwan da aka tura su, daga rijiya har ɗakin karatu. Sai dai wa ke zuwa bautar ƙasa? Wanda ya gama jami'a ko babbar difloma. Mafi yawan yaran da ke fita daga sakandarenmu ba za su taɓa sa wannan kaki ba. Wasu kasuwa za su shiga, wasu gareji, wasu gona, wasu ɗakin miji. In sakandare ba ta ba su damar tsara wani abu don jama'a ba, to babu wata makarantar da za ta ba su.

A wasu ƙasashe an shigar da abin cikin sharuɗɗan kammala karatu. Jihar Merilan ta Amurka ta zartar a 1992 cewa ɗalibi ba zai karɓi takardar gama sakandare ba sai ya yi hidimar al'umma ta sa'a 75, ko wani tsari makamancin haka da gundumarsa ta amince da shi. Lardin Ontariyo na Kanada ya sa sa'a 40 tun 1999. A jihar Fensilbaniya har kotu wasu iyaye suka kai hukumar makarantu, suna cewa tilasta wa 'ya'yansu aikin kyauta bautarwa ce, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi amincewa da hujjarsu a 1993. Ni ba ƙidayar sa'o'in ce ta ja hankalina ba, don in aka kawo ta nan, na san takardar za ta cika da sa hannu ko an yi aikin ko ba a yi ba. Abin da na ga ya dace mu duba shi ne tsarin makarantun da ke bin manhajar IB ta ƙasa da ƙasa, inda ake buƙatar ɗalibai su haɗu su ƙirƙiro wani aiki nasu, su ɗauki aƙalla wata guda daga tsarawa zuwa kammalawa, su kuma rubuta abin da suka koya. A Najeriya irin waɗannan makarantu na 'ya'yan masu hali ne. Amma tsarin kansa ba ya cin ko sisi. Malamin da na ba ku labari bai da komai sai alli da haƙuri, ya kuma yi shi.

Bari in koma ga yaran nan, domin a zamansu na farko na fara ganin amfanin abin.

A gindin wata darbejiya suka zauna bayan an tashi, ni ina gefe a kan benci, don ɗiyar tawa ta roƙe ni in zo in ji. Shawarar farko da ta samu karɓuwa ita ce dashen itatuwa. Wani yaro mai kaifin baki ya ce su samo tsirrai ɗari su jera a bakin titi, a ɗauki hoto, a sa a Facebook, duniya ta gani. Aka yi ta tafi. Sai wata yarinya da tun da aka zauna ba ta ce uffan ba ta ɗaga hannu ta ce, "To wa zai riƙa ba su ruwa in mun tafi hutu? Kuma da wane ruwan, tunda mutanen unguwar ma saye suke yi?" Wuri ya yi tsit. Wani ya ce awaki ma ba za su bar su ba sai an yi musu shinge, shinge kuwa kuɗi ne. Na kalli malamin, ina jiran ya raba gardama. Bai ce komai ba sai, "Kun tambayi masu unguwar abin da ya dame su?"

Tambayar yarinyar nan, masu sauraro, ita ce tambayar da manyan shirye-shiryen dashen itatuwa suka sha faɗuwa a kanta. Shekara nawa muna ganin bikin dashe da manyan baƙi, bayan wata uku ka koma ka tarar da sanduna a tsaye? A yankin Maraɗi na Nijar sai da aka gaji da dashen da ba ya kamawa, sannan daga farkon shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato a bar tohon da ke fitowa daga kututturen gawo da kalgo da sauran itatuwan gona, a rage rassa, a kula da shi har ya zama bishiya. Da wannan dabara mai sauƙi aka mayar da itatuwa a miliyoyin kadada a jihohin Maraɗi da Damagaram. Yarinyar ba ta san wannan tarihi ba. Da hankalinta ta isa wurin, saboda an ba ta dama ta yi tunani a kan abin da za ta ɗauki nauyinsa.

Sai suka fita tambaya. A nan aka ga wani abu da in malami ne ya tsara aikin a ofis ba zai taɓa faɗo masa ba. Samarin suka tsaya a majalisu da bakin masallaci, maza suka ce musu babbar matsala ita ce kwata da ta toshe da kuma rashin fitila a layi. 'Yan matan kuwa, da yake su ba a yi musu "ba a shiga", suka kutsa cikin gidaje suka zauna da matan aure da tsofaffi. Amsar da suka fito da ita ɗaya ce: ruwa. Wata tsohuwa ta kama hannun ɗiyata ta ce, "'Yar nan, kin ga jikokina? Kafin su tafi makarantar allo sai sun yi sawu uku zuwa famfon tsallaken titi. Kullum gabana faɗuwa yake har su dawo." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidajenmu wadda ta san zafin rashin ruwa ita ce wadda ba a cika tambaya ba. Da aka dawo gindin darbejiya aka baje abin da kowa ya ji, samarin da kansu suka ce a bi maganar mata.

Daga nan suka je gaishe da mai unguwa. Na so ku ga yadda suka yi shiri: wa zai yi sallama, wa zai yi bayani, wa zai riƙe littafi. Yaron nan mai kaifin baki shi aka ba magana, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne, mun zo neman izini da shawara a kan famfon bakin masallaci." Mai unguwa ya yi murmushi ya ce shekara guda ana zuwa masa da ƙorafi a kan famfon nan, yau ne karo na farko da wani ya zo da littafi. Ya sa liman ya yi sanarwa bayan sallar magariba. Gidaje suka yi karo-karo, kowa gwargwadon ƙarfinsa, yaran suka zuba nasu daga kuɗin tara, wani mai shago ya cika musu abin da ya rage.

To, ga inda suka yi tuntuɓe. Mai gyaran da suka fara samu ya ce a ba shi kuɗin duka ya sayo kaya. Suka ƙirga suka ba shi, babu rasit, babu shaida. Mutumin nan ya yi sati uku ba a ga ƙeyarsa ba, waya kuma in an kira a kashe. Da ya bayyana, robar da ya kawo ba ta irin famfon ba ce, ya kuma ce sauran kuɗin sun tafi a zirga-zirga. Lissafin da ya ƙi fita ke nan, wanda aka kawo mini a kan tabarma. Yarinyar tana magana idonta na kawo ruwa, ta ce, "Kawu, kuɗin mutane ne. Da wane ido za mu kalli tsohuwar nan?"

Gaskiya zuciyata ta ce in sa hannu a aljihu in rufe giɓin a wuce wurin. Na kira malaminsu na gaya masa niyyata. Ya ce, "Alhaji, don Allah ka dakata. In ka biya, ka saye musu darasin da ya fi famfon tsada." Ya bar su suka koma wurin mai unguwa da bakinsu suka faɗi abin da ya faru, ba su ɓoye komai ba. Mai unguwa ya aika aka kira mai gyaran, a gaban dattawa ya amsa zai mayar da abin da ya ci, ya kuma mayar da mafi yawansa. Suka nemo wani, wannan karon da yarjejeniya a rubuce: rabin lada kafin aiki, rabi bayan ruwa ya fito, kaya kuma biyu daga cikinsu za su bi shi kasuwa a saya a gabansu a karɓo rasit. Ranar da aka zaro bututun daga rijiyar, aka shimfiɗa su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yaran suna tsugune suna kallon yadda robar da ke jawo ruwa ta cinye har ta tsage. Abu ɗan ƙarami da bai kai tafin hannu ba, shi ya sa unguwa guda ta shekara tana sayen ruwa.

Ku duba abin da waɗannan yara suka koya cikin wata biyu. Sun koyi tambaya kafin yanke hukunci. Sun koyi cewa kuɗin jama'a amana ce mai nauyi, sun ɗanɗani kunyar da ke cikin salwantar da ita tun abin bai wuce kuɗin roba ba. Ina ma a ce duk wanda zai riƙe baitulmalin ƙaramar hukuma ya taɓa tsayawa yana ɗan shekara goma sha bakwai a gaban dattawan unguwa yana bayanin inda kuɗinsu ya shiga. Darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ya shafe shekaru yana wajibi a jarrabawar WAEC da NECO, yaranmu suna haddace ma'anar riƙon amana da shugabanci nagari suna zubawa a takarda. Wannan littafi mai shuɗin bango ya koya musu abin da haddar ba ta iya koyarwa.

Na san akwai iyaye da malamai da ke saurarena yanzu suna cewa, yaro yaro ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, shi ya sa ban ce babba ya tafi ya bar su ba. Akwai wuraren da dole babba ya tsaya da ƙafarsa. Yaran da suka ce za su yashe kwata, kada a bar su su shiga da silifa da hannu tsirara, domin cikinta akwai fasassun kwalabe da allurai da ƙarfe mai tsatsa, ga ƙwayoyin amai da gudawa. A samo musu safar hannu da dogayen takalman roba da shebur da manjagara da baro, in ba a samu ba a canza aiki. Kada a bar ɗalibi ya shiga rijiya ko ya taɓa wayar lantarki. Kada a tura su nesa da gari a wannan hali na rashin tsaro, bayan abin da muka gani a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021. 'Yan mata su fita da sanin iyayensu, da malama a tare da su, su dawo gida da rana tsaka. Wannan duka aikin babba ne. Abin da nake roƙo shi ne babba ya kare lafiyarsu, ya bar musu alƙalamin shirin.

Wasu kuma za su ce jarrabawa fa? Ba na ba da shawarar a ɗora wa 'yan ajin ƙarshe wannan nauyi, ga WAEC ga NECO ga JAMB sun taho a jere. Aji huɗu da aji biyar su ne daidai. Yamma ɗaya a mako ta isa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne 'yan kwashe lada. An taɓa gayyatata wani taro da aka kira aikin sa-kai na ɗalibai. Aka kwaso yara a motoci, aka raba musu riguna masu hoton wani mai neman kujera, aka ba kowa tsintsiya. Suka share bakin kasuwa na kamar rabin sa'a, masu kyamara suka yi aikinsu, manya suka yi jawabi, aka watse. Sharar da aka tara nan aka bar ta a gefen titi, don babu wanda ya yi tunanin motar da za ta kwashe. Da daddare aka yi ruwa, ta koma cikin kwatar da aka fito da ita. Na tambayi wani yaro a wurin, "Ɗana, wa ya zaɓi wannan aiki?" Ya ce, "Wallahi Baba, da safe aka ce mu hau mota." Yaron nan ya koma gida da darasi, amma mummuna: cewa hidimar jama'a hoto ce, kuma shi kayan ado ne a cikinta. Ina kira ga shugabannin makarantu, duk mai son taimaka wa aikin ɗalibai ya kawo siminti ko shebur ya ajiye, a rubuta a littafi, a yi masa godiya. Rigar da ke ɗauke da fuskarsa ya riƙe abarsa.

Kada kuma a ɗauka sai an haƙa ko an share ne aka yi hidima. A 2018 wasu 'yan mata biyar daga makarantar Regina Pacis ta Onica suka lura da yadda jabun magunguna ke hallaka mutane, suka ƙirƙiri manhajar waya ta tantance magani, suka je Amurka suka ciyo zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation. Daga matsalar da ke gabansu suka fara. A unguwanninmu ma ayyukan suna nan birjik ga mai ido. Ɗaliban da suka iya karatu za su iya tara ƙannensu na firamare da har yanzu ba sa haɗa baƙi, su zauna da su a zaure sau biyu a mako. Waɗanda suka iya keken ɗinki za su iya ɗinka audugar mata mai wankuwa don ƙawayensu da ke fashin makaranta duk wata. Wasu za su iya zama da almajiran tsangayar maƙwabta su koya musu lissafin kasuwa, su kuma su ƙaru da gyaran karatun Alƙur'ani. Ƙungiyoyin da za a jingina da su ma muna da su a makarantu, ga 'yan sikawut, ga Red Cross, ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi da aka kafa tun 1954, ga ta ɗalibai Kirista. Amma ko waɗannan misalai da na lissafa, ba na so malami ya rubuta su a allo ya ce a zaɓi ɗaya. A tura yaran su zagaya, su tambaya, su dawo da nasu. In sun zaɓi abin da babba yake ganin ƙarami ne, a bar su. In sun zaɓi wanda ya fi ƙarfinsu, a yi musu tambayoyin da za su sa su gane da kansu, kamar yadda malamin nan ya yi.

Ina kuma roƙon masu unguwanni da limamai da fastoci da shugabannin kasuwa: in yaran nan suka yi muku sallama da littafi a hannu, ku ba su wurin zama. Kada a ce musu je ku turo malaminku. Yadda aka karɓe su a wannan rana ta farko shi zai nuna musu ko maganarsu tana da daraja a garinsu. Da mai unguwar nan ya kore su, da ɗiyata ta koma gida da yaƙinin cewa gyaran unguwa ba huruminta ba ne, kuma da wuya wani ya sake fitar mata da wannan daga rai.

Ruwa ya fito ranar wata Alhamis da hantsi. Da farko ja ne, mai tsatsa, aka yi ta bugawa har ya washe. Tsohuwar nan aka fara cika wa bokiti. Amma yaran ba su tsaya nan ba, domin yarinyar da ta yi tambayar wa zai ba itatuwa ruwa ta sake tambaya: in ya ƙara lalacewa fa, mu kuma mun gama makaranta? Sai suka koma wurin matan unguwa aka zaɓi uku da za su riƙe asusu, kowane gida yana jefa ɗan abin da aka yanka duk Juma'a. Aka rubuta lambar wayar mai gyara na biyu a bangon masallaci. Aka sa wani saurayi mai shagon faci a kusa ya riƙa sa wa sarƙar famfon man giris yana ɗaure kusoshin da suka kwance.

Bayan wata bakwai famfon ya sake tsayawa. Ban ji labarin ba sai daga baya, domin babu wanda ya zo neman taimako. Matan suka buɗe asusu, aka kira mai gyara, kwana biyu ruwa ya dawo.

Ɗiyar ƙanwata yanzu tana ajin ƙarshe, ta duƙufa a kan jarrabawa. Makon jiya na tambaye ta ina littafin nan, ina so in sake dubawa kafin in zo wannan fili na sharhi. Ta ce ai ba ya hannunta, sun miƙa wa 'yan aji biyar na bana, har da shafin da suka rubuta yadda aka cuce su da yadda suka gyara. Ta ce sababbin sun riga sun zagaya gidaje, kuma bana maganar kwata ce ta yi rinjaye, suna so su gama da ita kafin ruwan farko ya sauka. Har sun je wurin mai unguwa neman aron baro, sun kuma rubuta wa hukumar kwashe shara takarda suna neman mota, da ranar da suke so ta zo.